Saura Kwana Tara

Yau Vardavar, ranar da ba a fushi da ruwa
a garinmu Gyumri.
Ƙararrawar coci ba ta gama shiru ba
Areg ya buga mini ƙofa da gindin bindiga,
ta roba, ruwan goro, tana yoyo ta wuya.
Shekararsa bakwai, haƙoran gaba biyu sun tafi yawo.
Ya ce, Hrach, fito, an ja daga.

Na ce ai ni na girma.
Ya harbe ni a ido.

To, shi ke nan.
Na jawo tawa daga ƙarƙashin gado,
yanar gizo ta yi mata riga, kunamarta ta cije,
na cika ta a famfon tsakar gida
inda tattabaru ke shan ragowa.

Su biyar, ni ɗaya.
Shushan ce kwamanda, takalminta guda ya ɓace tun safe,
ta girke dakarunta bayan tsohuwar motar maƙwabci
wadda rabon ta da tashi tun ina goye.
Tagwayen mai burodi sun tsare bakin matakala.
Autansu Mher bai samu bindiga ba,
robar sabulun wanke-wanke ya tsinta,
yana matsa ta da hannu biyu
ruwan na komawa fuskarsa.

Na yi gudu rabi da rabi
don gajeriyar ƙafa ta cim mini.
Na laɓe bayan zanen gado a kan igiyar shanya,
na bar diddige a fili da gangan.
Wanda bai iya faɗuwa ba kada ya shiga yaƙin yara:
ka dafe ƙirji, ka juya sau biyu,
ka zube kan baƙin dutse kana shure-shure,
harshe waje.
Sau shida na mutu kafin rana ta take tsaka,
kowace mutuwa sai tafi da ihu,
sai Mher ya tsuguna, ya ja mini kumatu:
tashi mana, ba a gama ba.

Kaka Nvard ce ta raba gardama
daga barandar hawa na uku.
Bokiti guda, sanyi ƙarara,
bai tambayi wa ke gefen wa ba.
Muka tsaya tsamo-tsamo kamar kajin da aka tsamo a rijiya,
ita tana can sama tana dariya har da tari.

Sai a nan na tuna aljihun rigata.
Takardar kira ce a ciki, mai hatimi.
Na zaro ta kamar ganyen da ya kwana a miya,
sunana ya narke ya zama gajimare,
amma kwanan watan yana nan daram.
Saura kwana tara.

Muka zauna kan matakala, aka fasa kankana,
ruwanta na bin gwiwar hannu.
Areg ya tofar da iri, ya dube ni:
wai da gaske ne za su ba ka ta ƙarfe?
Na ce haka aka ce.
Ya yi shiru yana lissafi da yatsa,
ya ce, ita ruwa nawa take ci?

Na cika bakina da kankana.

Ya ce, in sun harbe ka, ka yi musu faɗuwar nan,
mai harshen,
za su yi dariya sosai.

A sama, uwata da ke jingine da taga tun ɗazu
ta ja labule a hankali.

Na shanya takardar kan murfin tsohuwar mota,
na ɗora mata dutse kada iska ta ɗauke.
Shushan ta buga ƙafa mara takalmi,
ta ce hutu ya ƙare.
Na koma famfo na bi layi a bayan Mher,
ina jira ya cika tasa.